Castel del Monte: a je da safe, a je da mota

Fatakenmu na Garwa da Marwa masu sarin takalma a Barletta, kudancin Italiya, suna kusa da tsohon ginin sarauta na Castel del Monte ba tare da sun sani ba. Yana kan tudu mai tsayin mita 540, kimanin kilomita 18 daga garin Andriya. Duk wanda ya taɓa riƙe kwabon santi ɗaya na Yuron Italiya ya ga hotonsa.

Sarki Firederik na Biyu, mai mulkin kudancin Italiya a lokacin, ne ya sa aka gina shi wajen 1240, kuma komai nasa takwas ne: kusurwa takwas, hasumiya takwas, ɗaki takwas a ƙasa, takwas a sama, tsakar gidan ma kusurwa takwas. Babu ramin ganuwa. A cikin wasu hasumiyoyin akwai makewayi da wurin tara ruwan sama, a uku daga ciki kuma akwai matakala mai murɗawa. Sarkin yana jin Larabci, ya kuma zaunar da Musulmi a garin Lucera, don haka idon da ya saba da ginin gabas zai ga abin da ya sani a tsarin babbar ƙofar. UNESCO ta sa ginin cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Sai dai wanda ya zo da tunanin fadar lamiɗo, da dogarai da kayan sarauta, zai sha mamaki. Ɗakunan wayam suke. An ɓamɓare yawancin marmara tun kafin gwamnati ta sayi ginin a 1876. Awa ɗaya ta isa a zagaye ciki, amma in babu ɗan jagora, dutse kawai mutum zai kalla. A biya shi, kuɗin bai faɗi ba.

Wahalar tana wajen zuwa. Bas daga Andriya ba kullum ba ne, musamman da hunturu, gara a haɗa kuɗi a ɗauki mota. Lokacin cunkoso ana ajiye mota a gindin tudu, ƙaramar bas ta hau da mutane, kuma kuɗinta daban da na tikiti. Ranar Lahadin farkon wata shiga kyauta ce, layin kuwa sai haƙuri.

Matakalar ƙunci gare ta, dutsen ya goge yana santsi. Babbar riga da silifa ba za su yi ba, dattijo mai ciwon gwiwa ya tsaya a ƙasa. Iska a saman tudun tana da ƙarfi ko da bazara. Babu masallaci a kusa, a tafi da darduma. Wajen abinci a ce “senza maiale”, wato ban da alade, sannan a nemi cukun burrata, wanda asalinsa na Andriya ne.