Shekara guda da F-250 ɗin da ta yi aikin ture ƙanƙara a Amurka

Jama'a tunda da yawa kuna tare ni a kan motar nan, wasu a ƙofar masallaci wasu a gidan mai, bari in faɗi abin da na gani kowa ya ji. Ford F-250 ce ƙirar 2012, injin fetur V8 mai lita 6.2, na saye ta bara bayan girbi wajen wani dila a cikin Katsina na kawo ta Daura saboda aikin gona da kai kaya kasuwar Mai'adua. Ranar da na fara ganinta wallahi ta shiga raina, fenti na sheƙi, kujeru tsaf, mil ɗinta ma kaɗan ne in aka duba shekarunta. Dila ya ce ai Baturen bai cika hawanta ba.

Sati biyu da saye na kai ta gareji juyen mai, bakanikena ya hau da ita kan rami sai na ji ya ce, Alhaji sauko ka gani da idonka. Ya ɗan ƙwanƙwasa shasi da sifana sai ga tsatsa na zubowa ɓawo-ɓawo kamar busasshen ɓawon itace, bututun birki na baya kuwa ya ci har in ka shafa da yatsa sai ka ji damshin mai. Da motar nan fa na ɗauko iyali daga Katsina. A gaba ƙarƙashin bamba akwai wasu ƙarafa biyu masu kauri an ɗaure da manyan notika, ga wayoyi an yanke an naɗe da tef, ga kuma wani filogi yana reto a gaban lagireto, duk garejin ba wanda ya san na mene ne.

Ƙanena da ke karatu a Buffalo ta jihar New York na tura wa hotunan, nan take ya kira ya ce Yaya ai wannan motar ture ƙanƙara ce. Garin nasu a bakin tafkin Erie yake, in iska mai sanyi ta ratsa kan ruwan tafkin da bai daskare ba sai ta kwaso danshi ta juye musu shi dusar ƙanƙara. A Nuwamban 2022 wasu wurare kudu da garin ta haura mita 2 cikin 'yan kwanaki, a Disambar shekarar kuma guguwar da aka yi ta ci ran mutum sama da 40. To masu irin motata ne ke fita tun kafin asuba, a maƙala mata faffaɗan ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo a kan ƙarafan nan na gaba, su yi ta share ƙofar gidaje da wajen fakin na shaguna ana biyansu. Filogin kuma na hita ne mai ɗumama injin, da dare ake jona shi a wuta don injin ya tashi da safe. Ƙarfin wutar lantarkinsu volt 120 ne, tamu ta ninka haka, don Allah kar yaron gareji ya ce zai gwada.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zancen mil. Aikin turewa duk gaba-baya ne gaba-baya a ɗan fili, mota ta kwana tana aiki amma ba ta yi wata tafiya ba, mita na nuna kaɗan alhali giyabos ya sha zafi, ƙafar gaba ta sha nauyi. Ashe ma motar tana nuna awannin da injin ya yi a kunne in ka latsa a dashbod, da muka duba ko kusa bai yi daidai da mil ɗin ba. Tsatsar kuwa gishiri ne, shi suke watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, ya haɗu da ruwa ya manne a ƙasan mota duk hunturu. Mu nan Daura ina muka san wannan, motarmu ta shekara ashirin rana ce kawai ke cinye mata fenti, shi ya sa idonmu a bodi yake.

Na canza bututun birki gaba ɗaya, da boljoyin da tayarod, aka juye man giya, mai walda ya yi faci wuri biyu a shasi aka kankare sauran aka shafe. Kuɗi sun tafi sosai. Na koma wajen dila ya rantse shi ma bai sani ba daga gwanjo aka turo masa, Allah ne masani, amma ko lambar shasi mai harafi 17 da ya bincika a intanet ai da ya ga jihar da ta zauna, kuma har yau raina bai daina sosuwa ba in na tuna birkin nan.

Amma hakkinta sai na ba ta. Ƙarfi kam akwai, da damina na lafta mata taki muka shiga wata hanyar gona wajen Sandamu da ruwa ya mayar taɓo, na sa fowil, wato duk tayoyin huɗu su ja, ta fita kamar a kwalta, har wata ƙaramar mota muka jawo. Esi na sanyi, injin bai taɓa ba ni matsala ba. Fetur dai tana shan sa ba tausayi, kayan gyaranta kuma sai an aika Kano wani lokaci har Legas. Giyar ce har yanzu nake sauraro, in ta yi zafi tana ɗan jinkiri kafin ta kama ribas, bakanike ya ce mu lallaɓa zuwa bayan girbi a sauke a duba.