LibreOffice Writer a hannun marubucin fim: abin da ya iya da inda ƙarfinsa ya ƙare

Furodusan da ya san aikinsa, in ka miƙa masa labarin fim, lambar shafin ƙarshe yake fara dubawa kafin ya karanta layi ɗaya. Tsarin rubutun fim da duniya ta gada daga Amurka a kan lissafi aka gina shi: shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo. Shafi 100 kenan fim ne na awa ɗaya da minti 40, kuma da wannan adadi ake ƙiyasta kwanakin ɗauka, kuɗin lokeshan da abincin ma'aikata. Shafin nan mudu ne, in kowane marubuci ya zo da nasa, ciniki ba zai faɗa ba.

Manhajar da ta yi suna a wannan fage ita ce Final Draft, wadda take kasuwa tun farkon shekarun 1990, kuɗinta kuwa yakan kai dala 200 zuwa 250. Duk wanda ya juya wannan zuwa naira zai gane dalilin da ya sa marubutanmu da yawa suke rubutu a waya ko a kwafin sata. Ni na zaɓi LibreOffice Writer, na rubuta zango guda na shiri mai dogon zango da shi, tun daga daftarin farko har zuwa wanda aka shiga ɗauka da shi. Kyauta ne, halak malak. Gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus ce take kula da shi tun bayan da ya rabu da OpenOffice a 2010, yana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma in ka sauke shi sau ɗaya, ba ya sake neman data a wurinka.

Sai dai Writer bai san komai game da fim ba. In ka buɗe shi, farar takarda ce kawai irin ta rubuta wasiƙa. Kai za ka koya masa tsarin, kuma nan ne mutane suke gajiya su koma danna maɓallin tazara har sai sunan jarumi ya zo tsakiyar shafi. Wannan hanya wahala ce tsagwaronta, domin ranar da ka ƙara kalma ɗaya komai zai wargaje. Hanyar da take ɓullewa ita ce ka danna F11, ka ƙirƙiri salon sakin layi guda shida: kan sin (layin da ke faɗar wuri da lokacin kowace fitowa), bayanin abin da ke faruwa, sunan mai magana, umarnin cikin baka (wanda ake sawa tsakanin baka biyu), magana, da sauyin sin.

Ma'aunan ba ɓoyayyu ba ne. Rubutu Courier ne mai girman 12, wanda yake ba da harafi 10 a kowane inci. Gefen hagu inci 1.5 saboda hujin da ake ɗaure takardun, sauran gefuna inci 1. Magana tana farawa inci 2.5 daga bakin takarda, faɗinta inci 3.5, wato harafi 35 a layi. Sunan mai magana yana wajen inci 3.7, umarnin cikin baka wajen inci 3.1. Abin lura shi ne Writer daga gefen shafi yake awo ba daga bakin takarda ba, don haka sai ka cire 1.5 daga kowanne: magana 1, suna 2.2, baka 1.6.

Akwai tarko biyu da ya kamata a sani tun da wuri. Na farko tazarar layi. Shafin fim layi 6 ne a kowane inci, wato kusan layi 54 a shafi. Amma Courier New in ka bar shi a tazararsa ta asali, kowane layi yana cin kusan maki 13.6 na awon rubutu maimakon 12, sai shafin ya ɗauki layi 47 ko 48 kacal. Labarin da ya kamata ya tsaya a shafi 100 sai ya haura 110, furodusa ya ce ka rage, alhali babu abin ragewa. Maganinsa ka sa tazarar layi ta zama Fixed, maki 12, a duk salon shida. Na biyu takarda. Ma'aunan nan an yi su ne don takardar Amurka mai inci 8.5 da 11, mu kuwa A4 muke samu a kasuwa, wadda ta fi ta tsawo, ta kuma fi ta ƙanƙantar faɗi. Ni sai na bar hagu a 1.5, na sa dama wajen 0.77, ƙasa wajen 1.69, filin rubutu ya dawo inci 6 da 9 daidai. Lambar shafi kuma tana sama ta dama, ban da shafin farko. A Writer kan shafi, wato Header inda lambar take zama, yana cin filin rubutu ne, don haka sai ka rage gefen sama zuwa rabin inci, ɗaya rabin ya zama na lambar.

Da zarar an gama wannan shiri aka adana shi a matsayin samfuri, sai daɗin ya fara. Kowane salo yana da gurbin da za ka faɗa masa wanda zai biyo bayansa. In na rubuta suna na danna Enter, magana ce take biyowa da kanta. In na gama kan sin, bayani ne. Sauran na ɗaura su a kan Ctrl da lambobi ta cikin Customize, har ya zamana hannuna ba ya barin allon rubutu. Ga yadda shafin yake fitowa:

EXT. TSAKAR GIDAN MALAM ƊAHIRU - YAMMA

Ladi tana tankaɗe a gindin bishiyar darbejiya. Malam Ɗahiru ya shigo da keke, ya jingine shi a bango bai yi sallama ba.

LADI
(ba ta ɗago ba)
Sannu da zuwa, Malam. Lafiya yau babu sallama?

MALAM ƊAHIRU
Ina Ƙasimu?

Na san wani zai ce ai tsakar gida cikin gida ne, me ya kawo EXT, alamar waje? Mai haske da mai kyamara ake yi wa wannan alama, su kuwa abin da ya dame su shi ne ko rana tana faɗowa a wurin. Tsakar gidan Bahaushe a buɗe take, saboda haka waje ce. Zaure da ɗaki su ne INT, wato ciki. Ina barin waɗannan alamu biyu yadda duniya ta san su, sauran kan sin ɗin kuma da Hausa, tunda ma'aikatanmu ne za su karanta.

Abin da ya fi burge ni a Writer shi ne Navigator, wanda F5 yake buɗewa. In ka ba salon kan sin matsayin babban take, duk sina-sinanka za su jeru a gefe ɗaya bayan ɗaya. Kana kallo za ka gane cewa ka yi sin biyar a jere a falo guda, ko kuma jarumarka ta ɓace tun tsakiyar kashi na uku. Kuma kana iya ɗaga sin sukutum, da bayaninsa da maganganunsa, ka mayar da shi sama ko ƙasa. Ga marubucin shiri mai dogon zango, wanda tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 da kuma bunƙasar YouTube ya zama shi ne abincin yawancinmu, wannan kaɗai ya biya wahalar shirin.

Sai batun Hausa, wanda jagororin da ake samu a intanet ba su san da shi ba. Ba kowane Courier ba ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Akwai wani da na sauke, kyakkyawa a ido, amma da na fitar da shafin sai na ga Ɗ ɗin Ɗahiru ta bambanta da sauran haruffan sunan, siririya, kamar baƙuwa. Abin da ya faru shi ne in harafi babu shi a rubutun da ka zaɓa, manhaja takan aro shi daga wani ba tare da ta sanar da kai ba, faɗin kuma ya saɓa. Kafin ka amince da kowane irin rubutu, rubuta ɓ ɗ ƙ da Ɓ Ɗ Ƙ, 'yan Nijar su ƙara da ƴ, ka ƙara girman shafin ka duba da kyau. Manyan su ne abin dubawa musamman, domin sunaye da kan sin duk da manyan baƙaƙe suke. Wajen buga su, Windows yana da allon rubutun Hausa, akwai kuma manhajar allon rubutu ta Keyman; in ka maƙale, rubuta 0199 ka danna Alt da X, Writer zai mayar maka da shi ƙ.

Gyaran kai-tsaye na AutoCorrect kuwa bai san Hausa ba, don haka ka shiga ka kashe masu sauya alamar ɗauri, in ba haka ba 'ya'ya da 'yan uwa za su riƙa fitowa da alamar farko a juye. Jan layin da yake bi ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kuma Shift da F7 suna kawar da shi.

Ko da an daidaita komai, lissafin minti ɗaya a shafi yana buƙatar gyara a wurinmu. Gaisuwa tsakanin suruki da surukinsa layi huɗu ce a takarda, amma da durƙuso da shiru da sunkuyar da kai sai ta ci ninkin haka a allo. Waƙa kuma layi ɗaya ce a shafi, minti huɗu ko biyar a fim. Wannan ba laifin manhaja ba ne, kowacce ka ɗauka haka za ta yi. Ni dai ina rubuta tsawon waƙar a bayanin sin, in ƙara shi a kan jimillar shafuka kafin in faɗa wa kowa tsawon kashi.

Inda ƙarfin Writer ya ƙare shi ne ƙarshen shafi da ranar da aka kulle labari, wato aka raba shi don ɗauka. A ƙa'ida, in magana ta tsallaka zuwa shafi na gaba, ana sa MORE a ƙasa, a maimaita sunan mai magana da CONT'D a sama. Manhajojin fim suna yin wannan da kansu, Writer ba ya yi. Abin da za ka iya shi ne ka umarci salon suna ya manne da abin da ke binsa, ka hana magana rabuwa biyu. Hakan yana hana suna zama shi kaɗai a gindin shafi, amma doguwar magana, irin nasihar uba ga ɗa da ba a rasa ta a finafinanmu, sai ta tsallake gaba ɗaya ta bar fili a baya. Irin waɗannan da hannu nake raba su, kuma sai a daren ƙarshe, domin gyara ɗaya a shafi na 5 yana iya rusa duk wanda ka yi a gaba.

Lambar sin ta fi wannan ciwo. Writer yana iya jera lambobi da kansa, amma in ka cusa sabon sin bayan na 12, na 13 zai koma 14, haka har ƙarshe. Kafin ɗauka wannan alheri ne. Bayan an raba takardu, mai kwantiniti, wato mai lura da daidaiton sina-sinai, ya rubuta lambobi a allonsa, an tsara jadawali, to masifa ce. Ƙa'ida ita ce sabon ya zama 12A, kowa ya riƙe lambarsa. Dole ka cire lambobin atomatik ka buga su da hannu kafin ka raba. Haka nan babu shafukan gyara masu launi, shuɗi da ruwan hoda da rawaya, babu tauraron da ke nuna layin da aka sauya, babu rahoton da zai faɗa maka sin nawa kowane jarumi ya fito ko nawa za a ɗauka a lokeshan ɗaya. Mataimakin darakta da hannu ya zauna ya fitar da nasa jadawalin daga takarduna, kuma bai ɓoye mini cewa ya sha wuya ba.

Akwai wasu hanyoyin na kyauta da aka yi su don fim kai tsaye, irin su Trelby da KIT Scenarist, da kuma Fountain, tsarin rubutu zalla da John August da Stu Maschwitz suka fitar a 2012, wanda ko a waya za ka iya rubuta shi. Wanda aikinsa ya haɗa da tsara ɗauka ya gwada su, amma ya fara da gwajin ɓ ɗ ƙ kafin ya zuba musu labarinsa. Marubucin da aikinsa ya tsaya a miƙa labari, Writer ya ishe shi, kuma shafin da zai fitar babu mai bambanta shi da na manhajar kuɗi.

Wajen miƙawa, PDF kawai nake turawa, domin yana tafiya da rubutunsa a ciki, shafi 42 a wurina shi ne shafi 42 a wayar darakta. Writer ba ya fitar da fayil ɗin FDX na Final Draft, don haka in za ka yi aiki da kamfanin da yake nemansa, ka tambaya tun kafin a sa hannu. In kuma za ka buga a shagon kwamfuta, ka tsaya a kan mai bugawa ya zaɓi ainihin girman shafi, kuma fuska ɗaya ta takarda, domin da yawansu sun saba matse shafi su buga gaba da baya don tattalin takarda.