Murya Ɗaya ko Muryoyi da Yawa?

Masu son karanta tarihin baka na waɗanda aka danne suna yawan tambayata: wanne za su fara da shi, littafin da mutum ɗaya ya ba da labarin rayuwarsa, ko wanda ya tattaro bakin mutane da yawa?

Na murya ɗaya ya fi shiga rai. Kana bin mutum tun daga ƙuruciyarsa har ka san fargabarsa da abin da ke sa shi dariya. Amma yana da hatsari. Labarin Rigoberta Menchú, 'yar asalin ƙabilun Maya a Guwatemala, ya fito a 1983 ya girgiza duniya, daga baya wani mai bincike ya ƙalubalanci wasu bayanansa. Idan shaida ɗaya ce, tuntuɓe ɗaya kan sa masu musu su watsar da gaskiyar al'umma baki ɗaya, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Na muryoyi da yawa ya fi tsayawa da ƙafarsa, domin wani yana gaskata wani. A Amurka, tsakanin 1936 da 1938, an rubuta labaran tsofaffin bayi sama da 2,300. Sai dai yawancin masu tambayar fararen fata ne, don haka wasu tsofaffin sun tauna maganarsu kafin su furta. Karatun irin wannan littafi kuma yana buƙatar haƙuri.

Mai neman fahimtar zuciyar mutum, ko sabon shiga, ya ɗauki na murya ɗaya. Ɗalibi da mai bincike da ke neman hujja, na muryoyi da yawa ya fi dacewa da su.