Ƙananan asibitocin gefen Legas: da rana madalla, da dare sai a hankali

'Yan Arewa da haya ta kora daga Agege da Mile 12 zuwa ƙauyukan Ikorodu, Epe da Badagry, ƙaramin asibitin gwamnati ne mafi kusa da su. Aikin rana ba laifi. Allurar riga-kafin yara kyauta ce, ana gwajin zazzaɓin cizon sauro nan take, awon ciki kuma yana tafiya a ranakunsa. Mai katin Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar Legas, yana samun sauƙin kuɗi, in dai asibitin da ya zaɓa ke nan wajen rajista.

Da dare ne ake gane ƙarancin ma'aikata. Asibitin da zai karɓi haihuwa dare da rana yana buƙatar aƙalla ungozoma 4: ta safe, ta yamma, ta dare, da mai hutu. Inda aka tura 1 ko 2, jami'in lafiyar al'umma ne ke kwana, shi kuwa horonsa kan naƙuda mai gardama ko zubar jini mai yawa bai kai na ungozoma ba. Sai a ce a wuce babban asibiti, a garin da wani lokacin sai an nemo kwale-kwale.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Ana ba ma'aikaciya takardar turawa ba tare da masauki ba. Iyalinta suna cikin gari, kuɗin mota yana cinye albashi, don haka tana zuwa a makare, ta tashi da wuri, bayan 'yan watanni ta nemi canjin wuri. Shirin ungozomomi na tarayya na 2009 ya gwada gyara: ungozoma 4 a kowane asibitin da aka zaɓa, tarayya ta biya kowace ungozoma naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da masauki. Inda jiha da ƙaramar hukuma suka kasa cika nasu, ungozomomin suka watse. Ɗaukar 'yan asalin yankin a horar da su ya fi ɗorewa, domin ba su da inda za su gudu.

Ga kuma harshe: da Yarbanci ko Turancin buroka ake magana, kuma ba kasafai ake samun tafinta ba. Gara mai ciki ta tafi da wadda ke jin yaren.

Kafin a yi rajistar awo, maigida ya tambaya: wa ke kwana, ungozoma ce ko a'a, akwai wuta da ruwa a ɗakin haihuwa, kuma da me ake kai mara lafiya babban asibiti da tsakar dare.