Kafin ka sa kuɗinka a manhajar haɗa bidiyo, gwada maskinta

Wani ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki a Birnin Kebbi ya tambaye ni wace manhaja zai saya. Na ce masa ya fara da maski, wato layin da ake zagaye mutum da shi a cikin hoto, na ciki ya fito, na waje ya ɓuya. Zana shi ba wuya. Wajen gyara ne ake gane bambancin manhajoji.

A ce ka ɗauko masunci a Argungu ya ɗaga ƙaton kifi daga kogin Matan Fada, kana son rubutu ya ratsa ta bayansa. Hannu na motsi, homa na lilo, ruwa na fantsama. CapCut na waya zai ba ka siffofi shiryayyu, da'ira, murabba'i, zuciya, tauraro. Sun isa katin gayyatar ɗaurin aure, amma ba za su bi gwiwar hannun masuncin nan ba.

After Effects na kamfanin Adobe shi ne na fi sakin jiki da shi a nan. Ka danna harafin G a kibod ka zana layinka ɗigo-ɗigo. M zai buɗe maka hanyar maskin ka sa mata kifirem, wato alamar da ke riƙe siffar layin a wani lokaci na bidiyon, F kuma ya buɗe wurin tausasa gefen don kada mutum ya fito kamar an yanko shi da almakashi. Ɗigo ɗaya ya kauce, shi kaɗai za ka kama ka ja. In duka kake son juyawa, danna layin sau biyu, akwati ya kewaye shi. Shawarata, kada ka zagaye mutum da maski guda. Kai daban, hannu daban, gangar jiki daban, kowanne da launinsa, in ba haka ba sai asuba ta riske ka kana bin ɗigo. Matsalarsa kuɗi: ba a sayensa a mallaka, biya ake yi wata-wata ko shekara-shekara, kuma yana son kwamfuta mai RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, 16GB.

DaVinci Resolve na Blackmagic Design yana da na kyauta, kuma ba na wasa ba ne. A ɓangaren Fusion akwai Polygon da B-Spline. Na biyun yana bin lanƙwasar babbar riga da ɗigo kaɗan. Sai dai tsarinsa na jona akwatuna da layuka yana rikita sabon shiga, sannan Magic Mask mai bin mutum da kansa sai a Studio, wato na kuɗi, dala 295, biya ɗaya. Shi ma kwamfuta mai ƙarfi yake so.

Ta ƙanen nawa 8GB ce. Na ce ya ƙara mata RAM tukuna, ya sauke Resolve na kyauta, ya gwada yanko ango ɗaya na daƙiƙa biyar kafin ya biya kowa ko sisi.