Na'urar awon suga ta damtse: tana aiki, amma ba da kowace waya take shiri ba

Masu kawo caji shagona sun dame ni da tambayar farin abin nan da ke manne a damtsen Babanmu, har wani ya ce ko sabuwar laya ce daga birni. To ga bayanin gaba ɗaya, in huta da maimaici. Na'urar awon suga ce wadda ake mannawa a jiki, ta riƙa aika sakamako zuwa waya dare da rana ba tare da an huda yatsa ba. Baba ya daɗe da ciwon suga, yana kan allurar insulin, kuma ƙanwata da ke aure a Kano ce ta sayo masa bayan likitansa ya ba da shawara. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don akwai irinta da yawa a kasuwa kuma halinsu kusan ɗaya ne. Ni sana'ata gyaran waya da caji a wani ƙauye kusa da Ringim, saboda haka ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda take magana da waya. A nan ne kuma na fi samun abin faɗa.

Abin ɗan faifai ne, faɗinsa bai kai yatsu biyu ba. Yana zuwa a cikin wani murfin roba da za ka ɗora a bayan damtse ka danna, sai ka ji ƙas. Allura ta shiga ta fito, ta bar wani siririn zare a ƙarƙashin fata, ɗanko kuma ya riƙe faifan. Baba ya ce ko cizon cinnaka ya fi shi zafi. Ana jira kamar awa guda kafin ta fara ba da lamba, daga nan ta yi mako biyu tana aiki, sai ta mutu a cire a jefar. Ba a canza mata batir, ba a gyara ta. Ku lura, ba jini take aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, shi ya sa idan suga na hawa ko sauka da sauri lambarta takan yi jinkirin 'yan mintoci a bayan ta awon yatsa. Don haka tsohuwar na'urar huda yatsa tana nan a aljihun Baba, ba mu yar da ita ba, kuma wanda ya ce muku wannan ta maye gurbin waccan ɗungurungum ciniki kawai yake so ya yi.

Amfaninta dai ba na musu a kansa. Da awon yatsa, safe kawai muke ganin lamba, wani lokaci da yamma, sauran yinin duhu ne. Da wannan kuwa layi take zanawa a fuskar waya, kana kallon hawa da gangara. Kokon safe da Baba ke cewa ai ruwa ne, shi ya fi komai cilla layin sama, ya haura 250 kafin a kai ga hantsi. Fura ma haka, in an dama ta da sukari. Ranar da aka yi masa wake da kwaɗon zogale kuwa layin ya ɗan tashi ya kwanta. Na nuna masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato wannan abin naku har gulma yake yi."

Na ce, "Baba, ku dai rage ludayin kokon."

Abin da ya biya kuɗinta shi ne na dare. Duk ranar da Baba ya yini a fadama yana ban-ruwa, wajen ƙarfe uku na dare sugansa kan gangara ƙasa da 70, inda daga nan ake lissafa shi a matsayin ya faɗi. Da can yakan tashi da asuba jiƙe da gumi, kai na sarawa, mu ce gajiya ce. Yanzu waya ce ke kuka, Inna ta tashi ta ba shi dabino ko ruwan sukari. Da muka koma ganin likita na miƙa masa wayar, ya duba layukan dare, ya rage adadin allurar yamma. Wannan gyaran na likita ne, kada kowa ya ga layi a waya ya hau rage wa kansa magani.

Wata 'yar magana kafin in wuce: lambobin awon suga iri biyu ne. Wata na'ura za ta rubuta 126, wata ta rubuta 7, kuma abu ɗaya suke nufi, ana raba ta farkon da 18 ne. Malamin asibitin garinmu da ƙaramar lambar yake aiki, wayar kuma babbar take nunawa. Ku tambaya tun a wajen saye.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Faifan da Bluetooth yake aika saƙo, irin mai cin wuta kaɗan wanda ya shigo da tsarin Bluetooth 4.0 a 2010, shi ya sa ɗan batirin ciki ke iya kai mako biyu. Takardar da ke cikin kwalin ta ce kada waya ta yi nisa da mai ita fiye da kimanin mita shida. Wannan lissafin fili ne, babu shamaki. Gidanmu ginin ƙasa ne, katangar ɗakin Baba kaurinta ya kusa kamu guda. Na gwada ajiye wayar a zaure inda igiyar wutar solarmu ta ƙare, shi yana ɗaki, sai saƙo ya yanke. Na matso da ita bakin ƙofa, ya dawo. Abin da ya fi ban mamaki, a kan gado ɗaya ma, idan ya juya ya kwanta a kan hannun da faifan yake kuma wayar na ɗaya gefen, sai ta fara rasa shi. Dalilin a fili yake ga wanda ya san rediyo. Bluetooth a zangon megahaz 2400 yake tafiya, ruwa na shanye wannan zangon, jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Ga kuma wata matsalar daban: danne faifan da nauyin jiki kan sa ya ba da lambar ƙasa ta ƙarya, waya ta yi ta kururuwa alhali mutum lafiya lau yake. Inna ta sha wannan tashin banza. Maganin da muka samu shi ne mu manna shi a hannun da ba ya kwanciya a kai, mu rataye wayar a ƙusa saitin kansa, da ɗan bankin caji a jikinta, domin idan waya ta mutu da dare babu mai tashin kowa.

Injiniyoyi sun san wannan matsalar tun da daɗewa, ba mu muka gano ta a ƙauye ba. Ƙungiyar IEEE, wadda ita ce ta tsara ƙa'idar Wi-Fi, ta kafa kwamiti a 2007 don na'urorin da ke kan jiki ko cikin jiki, kuma a 2012 ta fitar da ƙa'ida mai lamba 802.15.6. A cikinta an tanadi cewa saƙon gaggawa ya sha gaban sauran saƙonni, an tanadi matakan tsaro, har ma da hanyar da saƙo zai bi ta jikin mutum kansa maimakon iska. A wannan shekarar dai hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ware zango daga megahaz 2360 zuwa 2400 don na'urorin lafiya na jiki, saboda su fita daga cunkoson Wi-Fi da Bluetooth. Duk wannan tanadin yana da kyau, amma buɗe kowace waya da aka kawo mini gyara, daga ta kasuwar waya ta Fam Santa a Kano zuwa wadda aka aiko daga Saudiyya, Bluetooth za ka tarar a ciki, ba za ka ga 802.15.6 ba. Masu ƙera na'ura kuwa abin da ke hannun mutane suke bi. Ban ga laifinsu a nan ba.

Inda na ga laifi shi ne rufe ƙofa. Ƙungiyar da ke kula da Bluetooth ta fitar da tsari na bai-ɗaya don irin wannan na'urar suga tun 2014, kuma akwai makamancinsa na awon hawan jini. Ma'ana, da an so, kowace manhaja da ta bi tsarin za ta iya karanta faifan. Amma tamu manhajar kamfaninta kaɗai take saurara. Manhajar kuma ba a kowace waya take sauka ba, akwai jerin wayoyin da aka amince da su, kuma yawancin waɗanda mutanenmu ke riƙewa ba sa ciki. Ana kuma buƙatar NFC don tayar da faifan a ranar farko, wato ka kanga bayan waya a jikinsa, alhali ƙananan wayoyi da dama ba a sa musu shi ba. Wayar Baba mai maɓalli ce, tawa ba ta cikin jerin, sai da ƙanwata ta bar mana tsohuwar tata. Na'urar awon hawan jinin Baba ita ma Bluetooth ce, ita ma da manhajarta daban da rajistarta daban, ba sa ga-maciji da ta sugan. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, amma ranar asibiti sai na zauna na kwafe lambobin hawan jini a littafi da biro don likita ya haɗa su da na suga. Abin na tuna mini zamanin da na fara wannan sana'a, kowace waya da bakin cajarta, allona cike da igiyoyin caji kala-kala, har aka zo aka daidaita a kan USB kowa ya huta. Tarayyar Turai ma sai da ta sa doka, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2024, kafin masu taurin kai su bi. Ina ganin su ma waɗannan ba za su buɗe don Allah ba sai an matsa musu.

Manhajar da Turanci take, babu Hausa, Inna ba ta karanta ta. Launi da kibiya take bi: kore lafiya, ja a tashi tsaye, kibiya ta kalli ƙasa a nemo dabino. Wannan dabarar na yaba mata. Akwai kuma tsarin da ƙanwata ke ganin lambar daga Kano, amma shi sai da data da sabis, sabis ɗinmu kuwa da hadari ya taso ya tafi. Tsakanin faifai da waya dai ba a buƙatar data ko kaɗan, wannan mutane da yawa ba su sani ba. Sai dai ku san cewa da zarar an kunna rabawa, lambobin majinyaci na zuwa rumbun kamfanin a ƙasar waje. Ni ban ji daɗin hakan ba, amma Baba da na yi masa bayani cewa ya yi su je su yi ta kallo.

Zafi ma abokin gaba ne. A bazara gumi na cin ɗankon, gefen faifan ya fara ɗagawa tun kafin mako na biyu. Wani ya fita ne gaba ɗaya lokacin da Baba ke tuɓe riga, hannun rigar ya kama shi, kuma wanda ya fita ba ya komawa. Mai shagon da aka saya a wurinsa ya ce ba ruwansa. Tun daga nan muke wanke wurin da sabulu, a bari ya bushe sarai, ba a shafa mai, sannan a zagaye gefen da filasta. Alwala da wanka ba sa hana shi aiki. Wanda ba a buɗe ba kuma ba ya son zafi, kwalin ya rubuta iyakar da zai jura, ɗakin kwano a watan Afrilu kuwa ya wuce ta nesa ba kusa ba. Saboda haka ba ma tara su, ɗaya-ɗaya ake aiko mana.

Kuɗi kam akwai shi. Faifai biyu ake buƙata a wata, kuma kuɗinsu ya ninka na takardun awon yatsa sau da yawa. Manomi ba zai iya ɗorewa a kai shekara da shekaru ba, mu ma ba mu iya ba. Yanzu lokaci-lokaci muke sa masa: idan likita ya canza magani, da lokacin aikin rani da yake yini a fadama, da kuma gab da azumi don likita ya duba ya ce ya ɗauka ko ya ciyar. Wanda ke kan allura kuma sugansa ke faɗuwa da dare, ina ba shi shawara ya gwada ko sau ɗaya ne. Wanda ƙwayar magani kawai yake sha kuma lambarsa a zaune take, gara ya sa kuɗin a magani da abinci. In za ku saya, ku tafi shagon da wayar da za a yi amfani da ita, a sauke manhajar ta buɗe a gabanku kafin ku biya, ku duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, kuma ku tambaya ko kwalin na ƙasar da manhajar za ta karɓa ne, domin wasu faifan da aka shigo da su daga waje ba sa tashi da manhajar wata ƙasa.