Gyaran tsoffin bututu ko haƙa burtsatse a Zariya?

Tunda rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari suka shigo Zariya, gidan da ke shan jarka biyar yanzu goma ba ta isa, 'yan garuwa kuwa sai ƙara kuɗi suke.

Masu cewa a yi ta haƙa burtsatse suna da hujja, sati ɗaya an gama, a ɗora sola, mata su huta. Amma ƙasarmu dutse ne a ƙasa, wata rijiyar da an shiga Maris ta fara tsiyaya, in famfon ya lalace kuma babu mai shi.

Ni dai ina bayan gyaran bututu wallahi. Ruwan akwai shi, ga madatsar Galma ga matatar Shika mai lita miliyan 150 a rana da aka buɗe 2017, matsalar hanyar ce, bututu sun tsufa sun fashe, wani ma cikin kwata ya bi, in aka ɗauke ruwa sai ya zuƙo ƙazanta, daga nan sai amai da gudawa. Aikin da tsada, zai ɗau lokaci, sai an fasa titi. Kafin nan a yi wa unguwannin da baƙi suka cika burtsatse.